Notin da Ta Rufe da Yatsa

Notin ta fara gani, tun kafin idonta ya kai kan tsagewar. A hoton da matar da ta sayi keken ɗinki a wurinsu ta turo da safiyar nan, ƙaramin farantin da ke ƙarƙashin allurar keken yana ɗaure da noti biyu, dukansu farare. Keken ɗinkin da ya fita daga shagonsu kuwa, ɗaya daga cikin notin nasa na tagulla ne, ja-ja haka, don na asalin ya ɓace, Baffa ya lalubo wani a gwangwaninsa ya ɗaura. Ba abin da za ta manta ba ne, tunda har 'yar jayayya suka yi a kansa ranar da za ta ɗauki hoton talla. Ta ce yana ɓata wa keken kyau, shi kuma ya ce bai taɓa ganin telan da ke ɗinki da noti ba.

Sai daga baya ta dubi abin da aka turo hoton dominsa, wata doguwar tsagewa a gindin wuyan keken. A ƙasan hoton matar ta rubuta cewa haka kayan suka iso mata, a fashe, kuma ta riga ta kai ƙara wurin masu shafin intanet ɗin da ta yi sayayyar don a mayar mata da kuɗinta.

Ita kuwa mai duba hoton, a layin nan kowa Manaja yake ce mata. Baffa ne ya laƙa mata sunan, ranar da ta shigo shago da wani farin yadi ta rataya a bango ta ce daga yau a gabansa za a riƙa ɗaukar kekuna hoto. Shagon na mahaifinta ne da ƙanensa, wato Baffan, su biyu suka buɗe shi tun ba a haife ta ba. Tsofaffin kekunan ɗinki suke saye, su kwance su, su wanke, su gyara, su sayar. A ƙarƙashin bencinsu ta girma, da guntun maganaɗisu a hannu tana tsintar alluran da suka faɗi. Yarinya ce marar magana, irin wadda baƙo zai yi ta hira a shago har ya tashi bai san da ita a wurin ba. Tana gama jami'a mahaifinta ya rasu, a lokacin kuma ciniki ya ja baya, teloli sun koma sayen sababbi. Ita ce ta buɗe wa shagon shafi a kasuwar intanet, inda mai saye ke biya, masu shafin su riƙe kuɗin har kaya su isa lafiya, in kuma aka samu saɓani su nemi kowa ya kawo shaidarsa. Da wannan shafin shagon ya farfaɗo, kuma Baffa bai taɓa musun haka ba. Yakan gaya wa mai guga, maƙwabcinsu na jikin bango, cewa shi yanzu lebura ne a kamfanin 'yar wansa.

Wuri ɗaya ne suka kasa jituwa, wurin ɗaure kaya. Baffa ba ya yarda keke ya fita sai ya zauna ya gwada shi a kan ƙyalle, layi bayan layi, ya karkata kai yana sauraren ƙararsa, sannan ya bar ƙyallen a ƙarƙashin allura don mai saye ya gani da idonsa. Daga nan sai ya naɗe keken da tsumma, ya cusa guntayen tsohon tib ɗin mota a kusurwoyin kwali, ya kawo igiya ya yi ta zagayawa yana ƙullawa yana 'yar waƙarsa. Aikin da wani zai gama kafin shayi ya huce, shi sai ya cinye masa wuni. Masu saye suna rubutawa a shafin cewa kaya masu kyau ne amma akwai jan ƙafa, wata ma ta ce kwalin kamar daga bola aka tsinto shi. Ga kuma hannun Baffa da ya fara rawa da safe, har yakan juya baya in zai zura zare a allura. Manaja ta daɗe tana son ta riƙa kai kekunan ofishin masu kai kaya, inda ake zuba su cikin soso a liƙe da salatif cikin ɗan lokaci. Sau da yawa takan shirya maganar tun daga gida, tana zuwa ta gan shi a durƙushe da igiya a baki, sai bakinta ya yi nauyi.

Tana tsaye da wayar a hannu ya shigo, yana yi wa mai guga tsiya cewa hayaƙin gawayinsa zai kashe masa kekuna. Ya ga fuskarta ya tambaya ko lafiya. Ba ta shirya komai ba, har yau kuma ba za ta iya cewa ga lokacin da ta yanke shawara ba. Ta dai miƙa masa wayar ba tare da ta sake ta ba, babban yatsanta yana kan farantin allurar. Tabaransa na cikin aljihu bai ciro ba. Ya matso da fuska, ya ga tsagewar, ya ja baya a hankali.

"Na makon jiya ne? Wanda na ɗaure?"

"Kai ka ɗaure shi, Baffa."

Gaskiya ta faɗa, shi ya ɗaure na makon jiya. Ya ce ƙarfen nan ba ya tsagewa haka kawai sai in ya yi ta gwaruwa a cikin kwali, ke nan igiyar ce ta saki. Ya dubi tafin hannunsa, ya juya bayansa, kamar hannun wani aka ba shi ajiya. Mai guga, da ya leƙo da rigar wani a kafaɗa, ya so ya mayar da abin wasa, ya ce tsufa ai ba ya sallama. Ba wanda ya yi dariya. A nan ta ce, da muryar da ita kanta ta ji ta yi laushi fiye da kima, ko za su riƙa kai wa masu soso su ɗaure, shi kuma ya huta ya ji da gyara kawai.

"Yadda kika ce, Manaja," in ji shi.

Tun da ya laƙa mata sunan, ranar ce ta fara jin ya faɗe shi babu tsokana a ciki.

Abin da ta daɗe tana nema ya samu, ba faɗa ba ɗaga murya. Kekunan da aka saya a kwanakin suka fita a kan lokaci, cikin kwali mai tsabta. Ta tattara tsummokaran Baffa da guntayen tib ta cusa a buhu ta ajiye a bayan ƙofa, da niyyar in masu kwasar shara sun zo ta ba su. Sai dai abinci ya daina yi mata daɗi, kuma ta daina iya haɗa ido da shi. Yana zuwa kamar kullum, ya zauna a bencinsa, amma waƙar ta ɗauke. In ya gama gyaran keke sai ya turo mata ya ce ta gwada da kanta, kunnensa ma bai san ko yana gaya masa gaskiya ba. Wata rana da ta dawo daga kai kaya ta tsaya a bakin ƙofa bai ji zuwanta ba. Ya ɗaura guntun igiya a ƙafar tebur, yana ƙullawa, ya ja da ƙarfi ya ga ko zai saki, ya kwance, ya sake ƙullawa. Ta koma da baya ta tsaya a gaban shagon mai guga tana tambayarsa abin da ba ta da buƙatar sani, har sai da ta ji Baffa ya ja kujera.

A ɓangaren matar kuwa saƙonni ba su tsaya ba. Da farko da lallami ta zo, tana kiranta 'yar'uwa, tana cewa ita ba mai son tashin hankali ba ce, a mayar mata da kuɗinta kawai, keken ma ba sai an sha wahalar dawo da shi ba tunda ya riga ya zama ƙarfen banza. Da ta ji shiru sai ta koma turo murya, tana rantsuwa cewa a gaban yaranta ta buɗe kwalin, har ƙaramar ta yi kuka. Daga nan ta shiga barazana, za ta rubuta wa duniya cewa shagon 'yan damfara ne. Manaja takan saurari muryar a sa'ad da Baffa ya fita, ta maimaita, ta sake maimaitawa. Ta so ƙwarai ta ji haushin matar, haushin ya ƙi zuwa yadda ya kamata. Abin da ke damunta shi ne yadda muryar take da taushi a daidai wurin ƙaryar, irin taushin da ta ji a tata muryar ranar da ta ce Baffa ya huta.

Masu shafin suka aiko cewa ta kawo shaidarta kafin ƙarshen mako, in ba haka ba za su ba matar gaskiya, su kuma sa wa shagon alamar gargaɗi. Shaidar tana cikin wayarta tun ranar farko, hoton tallan da notin tagulla ke ƙyalli a cikinsa. Ta yi ta jan lokaci. In ta tura, ta san ta ci, amma cin nata yana nufin Baffa bai yi laifin komai ba, kuma dole wata rana maganar ta fito. Har ta taɓa raya wa kanta ta bar matar ta tafi da kuɗin, asarar ta zama kamar tarar da ta ci kanta, kowa ya huta. Sai ta ga ko ta yi hakan Baffa zai ci gaba da ɗaura igiya a ƙafar tebur, ga kuma tabon da za a sa wa shagon mahaifinta a banza.

Ana cikin haka Baffa ya aiko cewa bayansa na ciwo, ba zai fito ba. Washegari ma haka. Da yamma ta koma gida ta tarar da Umma, mahaifiyarta, tana ninke wanki a kan gado. Umma ba ta ɗago ba ta ce Baffanki ya zo ɗazu. Ya zauna a bakin ƙofa ya ƙi shigowa, ya ƙi shan ruwa, ya yi ta kewaye-kewaye, can ya tambaye ta ko marigayi ma hannunsa ya yi rawa kafin ciwon ya kwantar da shi, don shi ya kasa tunawa.

"Me kika ce masa?" Manaja ta tambaya.

"Na ce masa wansa har ya bar duniya yana zura zare ba tabarau, shi ma ya daina neman ciwo da kuɗinsa." Umma ta ɗora riga a kan 'yan'uwanta ta danne da tafin hannu. "Keke ɗaya ya fashe a hanya, sai ka ce kansa farau. Ke ma da kin ɗan rarrashe shi. Maganarki yake ji yanzu fiye da ta kowa."

Ta ce to. Ta ɗauki zanen gado ta kama ninkewa, ta ninke shi a karkace, Umma ta karɓe ta ce wannan karatun jami'ar bai zo da ninkin kaya ba.

Da safe ta tura shaidar. Ta jera hotunan biyu, nata da na matar, ta zagaye notin a kowanne, ta rubuta bayani gajere cewa keken da ke cikin hoton ƙarar ba shi ne wanda ta sayar ba. Ba a daɗe ba matar ta janye ƙararta. Ta turo saƙo ɗaya cewa ashe tsohon keken yayarta ne yara suka ɗauka hoto, kuskure aka samu, a yi haƙuri, daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba. Masu shafin suka saki kuɗin, suka rufe maganar.

Manaja ta zauna ita kaɗai a shagon. Komai ya zo mata yadda take so, ciniki bai taɓu ba, sunan shago bai ɓaci ba, kaya suna fita da wuri, kuma ba wanda ya san komai. In ta yi shiru, shi ke nan. Mai guga ya leƙo ya tambayi jikin tsohon, ya ce layin ya yi masa shiru, ba wanda ke zagin gawayinsa. Ta ce da sauƙi. Ta dubi bencin, ga tabon mai a inda gwiwar hannunsa ke zama, ga gwangwanin noti a buɗe yadda ya bar shi, ga guntun igiyar nan har yanzu a ƙafar tebur da ƙulli a jiki. Ta sunkuya ta ja ƙullin. Ta sa ƙarfinta duka, bai ko motsa ba. Ta ja ƙofar shago ta kulle tun rana na tsaka.

Ɗakin Baffa ɗaya ne da 'yar baranda, a bayan wani dogon gini. Ta same shi zaune a kan tabarma ya jingina da bango, rediyo a gefensa a kashe. Ya ce wa zai gani haka, Manaja da kanta, wa aka bar wa kamfanin? Ta gaishe shi ta tambayi baya, ya ce baya na nan inda aka san shi. Ta zauna a bakin tabarmar. Ta fara da mai sauƙin, ta ce matar nan ƙarya ta yi, an gano, ta janye. Bai yi murnar da ta zata ba. Ya miƙo hannu ya ce ta ba shi ya gani, ya ciro tabarau ya goge da bakin riga. Wannan karon ta sakar masa wayar.

Bai ɗauki lokaci ba. Ya ce wannan ai ba nasu ba ne, ina notinsa na tagulla da aka ce yana ɓata kyau? Har ya fara murmushi, sai murmushin ya tsaya. Ya ƙara matso da wayar.

"Wannan hoton kika nuna min ranar?"

"Shi ne, Baffa."

"Ban ga farantin ba."

"Yatsana na kai."

Ya daɗe yana kallon wayar, har hasken wayar ya mutu, bai san yadda ake kunna ta ba, ya ci gaba da riƙe ta a haka. A waje wata mata tana kiran mai sayar da ruwa. Manaja ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta so ta yi bayani, jan ƙafar da masu saye ke kuka da shi, kwalin da aka ce na bola ne, yadda ta sha shirya maganar tana kasa faɗa, amma duk wanda ta ɗauko sai ta ji ya yi kama da saƙonnin matar nan. Ta ce masa kawai tun kallon farko ta gane, kuma ta bar shi ya ɗauki laifin don ta rasa yadda za ta ce masa ya daina ɗaurin.

Ya ajiye wayar a kan tabarma tsakaninsu.

"Da kin ce min, Baffa kana ɓata min lokaci, da na yi miki faɗa, na ce ba ki da kunya, na kai ƙararki wurin uwarki. Kafin la'asar mun shirya." Ya cire tabaran. "Ubanki ma haka yake. Gara ya zagaya gari da ya ce maka a'a."

Hawaye ya zubo mata, ta share da gefen mayafi, ta ce ya yafe mata, ya dawo ya ci gaba da ɗaurinsa yadda ya saba, masu saye su jira. Ya girgiza kai. Ya ce yafiya ba ita ce matsalar ba, 'yarsa ce, ina zai kai ta. Amma kwanakin nan da ya yi a zaune ya duba hannun da kyau, abin da da can yake kauda kai a kansa, kuma hannun yana rawa, wannan kam ba ita ta ƙirƙira ba. Ya ɗaga shi a gabanta ya buɗe yatsun, suka kalla tare. Ya ce igiyar ba ta saki a wancan keken ba, ya ji, amma yanzu duk wanda ya ɗaure zuciyarsa ba za ta kwanta ba har ya isa, shi kuma ba zai iya aiki da irin wannan zuciyar ba. A bar wa masu soso.

Aikin ɗaurin da ta karɓe masa ta kawo ta ajiye a gabansa, ya ƙi ɗauka, kuma ta san ba fushi ne ya hana shi ba.

Da ta miƙe za ta tafi, har ta sa takalmi, ya kira ta. Ya tambaya ko ta sa baƙin keken nan na lungu a talla, mai zanen fure a jiki. Ta ce ta sa jiya. Ya ce ta cire, zaren ƙasa yana tattarewa in an yi sauri, ya ji shi tun ranar da ya gyara shi amma bai yarda da kunnensa ba. Kada ta kuskura ta sayar wa mutane sai ya zo ya duba.

"Yaushe za ka zo?"

"In baya ya bar ni. Ke dai cire shi, Manaja, kada ki jawo mana wata mai hoton."

Ta kasa gane ko da tsokana ya faɗi sunan ko babu, ta yi ta juya shi a ranta har ta isa layinsu. Mai guga ya tambaya ko ta gano tsohon, ta ce ta gano shi, ya ce a gaya masa gawayi na gaishe shi. Ta buɗe shago, ta cire tallan baƙin keken daga shafin. Sannan ta ɗauko keken daga lungu ta ɗora a kan bencin Baffa, ta jawo buhun da ke bayan ƙofa ta zaro tsumma ɗaya mai ɗan tsabta, ta karkaɗe shi, ta rufe keken don kada ya yi ƙura.